Sabon maciji ne, ko mu ne ba mu san shi ba?

Malam na Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan.

Wani ɗalibina ɗan aji biyar, iyayensa mutanen Riruwai ne can ƙaramar hukumar Doguwa, ya je hutu gida ya dawo min da saɓar maciji a cikin ledar burodi. Ya ce a tsakanin duwatsu ya tsince ta, bayan gonar kakansa. Ta bushe ta yi shara-shara kamar ɓawon albasa. Muka yayyafa mata ruwa ta yi laushi, muka shimfiɗa ta a kan benci, muka danne gefenta da rula. Na ce su ƙirga faffaɗan ɓawon nan da ke jere a cikin maciji, tun daga maƙogwaro har gindin wutsiya. Yara uku suka ƙirga, kowa ya fito da adadinsa daban, don wajen wuyan ya yage. Ana cikin haka sai mai saɓar ya ce: "Malam, in aka ce an gano sabon maciji, da me ake gane sabo ne?"

Na ba shi amsa daidai gwargwado, amma tambayar ta fi ƙarfin darasin minti arba'in. Misalin da na ba su shi ne na wani ɗan uwan kasa da ke tsaunukan Bale a ƙasar Habasha. A shekarun 1960 aka kama guda ɗaya, aka sa shi a kwalba, aka kai gidan adana matattun dabbobi don bincike na Kofanhegan a Denmak. Ya yi shekaru kusan hamsin a can ana ɗaukarsa wani nau'in ne da aka riga aka sani. A 2013 wani mai binciken tsuntsaye ya ɗauki hoton irinsa da rai a dajin Harenna, baƙi wuluk mai siraran zane masu haske. Masana suka koma kan na cikin kwalbar, suka ɗauki hoton ƙashin kansa da na'ura ba tare da sun yanka shi ba, suka gwada da na danginsa, suka ga ba ɗaya ba ne. A 2016 suka wallafa bayaninsa, suka sa masa suna Bitis harenna. Ita kuwa kasa irin tamu ta nan sunanta Bitis arietans. Kun ga gidansu ɗaya, ɗaki ne kowa da nasa.

Tambayata: mu da muke da Mambila, da duwatsun Jos, da na Riruwai a cikin jiharmu, wa ke duba mana namu?

Alhaji Baban Zainab:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai kalmar "sabo" ɗin nan ce ba ta kwanta min ba. Macijin nan tun yaushe Allah ya halicce shi yake zaune a dutsensa? Mutanen wurin suna ganinsa, wataƙila ma ya sha saran shanunsu. Sai wani ya zo daga Turai ya ɗauki hoto a ce an gano shi?

Na biyu kuma, mutanenmu na karkara saran maciji yana kashe su kowace damina. Kuɗin da za a kashe a hau dutse a ƙirga ɓawon maciji, ba gara a sayi magani da shi ba?

Ɗan Riruwai:
Allah ya ƙara girma Alhaji, maganarka ta farko gaskiya ce. Kakana bai taɓa shiga aji ba, amma in ya ga sawun maciji a ƙasa zai gaya maka kasa ce ta wuce ko kumurci. Ya ce kasa jan ciki take yi miƙe saboda nauyinta, sauran kuma lanƙwasa suke. Irin waɗannan mutanen ba wanda ke tambayarsu.

Malam na Gwale:
Alhaji, ban ƙi taka ba. Su kansu masanan ba cewa suke yi yau aka halicce shi ba. Abin da suke nufi shi ne sabo ne a rubuce: ba a taɓa siffanta shi a takarda ta yadda wanda ke Indiya ko Barazil zai karanta ya gane shi ba tare da ya gan shi ba.

Bari in ɗan faɗi yadda aikin yake, don mutane suna zaton hoto kawai ake ɗauka a raɗa suna. Da farko sai an samu macijin kansa, a rubuta ranar da aka kama shi, da wurin, da tsayin wurin daga gaɓar teku, da irin ciyayin da ke wurin. A ɗauki hotonsa da ransa, domin launi yana gushewa in ya daɗe a sinadari. A yanki ɗan nama kaɗan a ajiye don gwajin ƙwayoyin halitta. Sannan a zauna ƙirga. Layin ɓawo nawa ne ya zagaye tsakiyar jikinsa? Kasa, misali, tana da tsakanin 29 zuwa 41. Na ciki nawa ne? Na ƙarƙashin wutsiya nawa ne, kuma ɗaiɗai suke ko bibbiyu? Ɓawo nawa ne a leɓen sama, nawa ne suka taɓa ido? Ɓawon bayan santsi ne ko yana da ɗan tudu a tsakiya mai kaushi? A auna kai, a auna wutsiya, a duba haƙora. In namiji ne har gabansa ake dubawa, domin siffarsa tana bambanta daga nau'i zuwa nau'i.

Wahalar tana gaba. Dole ka ɗauki duk wannan ka gwada da kowane ɗan uwansa da aka taɓa siffantawa, har wanda aka rubuta shekara ɗari da hamsin da suka wuce da Faransanci ko Jamusanci. Wani lokaci sai ka yi tafiya zuwa Landan ko Faris ka buɗe tsohuwar kwalba ka ƙirga da hannunka. In ka tabbatar ba shi da na biyu, sai ka ware guda ɗaya ka ce wannan shi ne mai ɗauke da sunan, a ba shi lamba, a ajiye shi inda kowane mai bincike zai iya zuwa ya duba ko ƙarya ka yi. Sai ka rubuta, wasu masanan su tantance, a buga a mujalla. Akwai dokoki na duniya a kan wannan, kuma lissafin sunayen dabbobi yana farawa ne daga 1758, daga aikin Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin. In ta bayyana wani ya riga ka sa masa suna, nasa ne zai zauna, naka ya faɗi.

Yanzu nau'in macizan da aka rubuta a duniya sun haura 4,000, kuma kowace shekara ana ƙarawa.

Maman Hanif:
Salamu alaikum. Alhaji, ina neman izini in amsa maka ta biyun, don wannan fannina ne. Na yi shekaru ina aikin jinya a wani asibitin karkara a kudancin Gombe kafin aure ya dawo da ni Kano.

Farkon damina da lokacin girbi, ba ma rasa wanda kububuwa ta sara. Za a kawo mutum a kan babur, ƙafa ta kumbura, yana magana lafiya ƙalau, har ya ce shi ya ji sauƙi a bar shi ya koma gona. Sai mu ɗebi jininsa kaɗan mu zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, mu ajiye a kan tebur ba mai taɓawa, mu duba agogo. In minti 20 ya cika sai a karkata kwalbar a hankali. Jinin mai lafiya zai daskare ya tsaya. Na wanda dafin kububuwa ya kama kuwa sai ka ga ya gangaro kamar zoɓo. Ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi yana tsattsafo da jini. Wannan mutumin in ba a yi masa allurar kashe dafi ba, yana iya zubar da jini ta ciki har ya rasu bayan kwanaki, alhali a ranar farko da ƙafarsa ya shigo.

To Alhaji, allurar nan ba a yin ta sai da dafin macijin kansa. Ana tatsar dafin, a riƙa sa wa doki ko tunkiya kaɗan-kaɗan har jikinsu ya samar da kariya, sannan a tace kariyar daga jininsu. In da dafin wani maciji daban aka yi ta, ba lallai ta yi aiki ba, ko da kuwa macizan sun yi kama kamar an tsaga kara. Indiya ma suna da irin kububuwarsu, Echis carinatus. A wani asibitin karkara a Gana an taɓa sauya magani aka koma wanda aka haɗa a Indiya, mace-macen waɗanda maciji ya sara ya tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari zuwa 12.1. An wallafa wannan a 2008. Kama da wane ba wane ba ne.

Ni kaina na gani a danginmu. Ɗan yayata aka sara a gona, aka je wani kantin magani aka sayo kwalba biyu da tsada, sai da aka sayar da akuya. Aka yi masa, jini bai daskare ba. Da aka turo min hoton kwalin na karanta, macizan da aka zana a jiki ba na ƙasar nan ba ne ko ɗaya. Allah ya sa aka garzaya da shi inda ake da na gaskiya, ya rayu, amma ya daɗe yana jinya.

Shi ya sa da aka tashi yin allurar kashe dafin da ake kira EchiTAb, daga Najeriya aka kwashi macizan aka kai Ingila aka tatsi dafinsu, aka haɗa iri ɗaya a can, ɗaya kuma a Kosta Rika, aka gwada su a asibitin Kaltungo da ke jihar Gombe. Wanda ya ƙirga ɓawo ya ce wannan daban, wancan daban, shi ne ya fara aikin maganin. Mu na ƙarshe ne.

Alhaji Baban Zainab:
Subhanallahi. Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Wallahi ban san haka abin yake ba, na ɗauka maganin maciji guda ɗaya ne kamar na zazzaɓi. Amma har yanzu da saura. Kububuwa an san ta, tana kashe mutane, a yi bincike a kanta na yarda. Wanda ke can ƙolin dutse a Habasha, da sau biyu kacal aka gan shi, wa ya sara?

Malam na Gwale:
Alhaji, ita kububuwar da muke cewa an san ta, sai a 2018 wani masani ɗan Faransa, Jean-François Trape, ya nuna cewa abin da ake kira Echis ocellatus ba nau'i ɗaya ba ne. Ya ware na kudancin Chadi da maƙwabtansu ya kira su Echis romani, kuma yanzu masu bincike da yawa da wannan sunan suke kiran ta arewa maso gabashin Najeriya. A shekarar dai aka raba baƙin kumurcin kurmi, wanda ake ɗauka ɗaya ne a duk Afirka, ya zama nau'i biyar. Hannun da ya iya wannan aikin shi ne dai hannun da ya siffanta na kan dutse. Ba za ka samu mai yin ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Direba Ɗan Gembu:
Ni ba ɗan boko ba ne amma ina bin hanyar Mambila shekara goma sha. Malam, abin da ka faɗa na dutse ina ganinsa da idona. In ka baro Serti ka wuce Mayo Selbe ka fara hawa, kafin ka kai Maisamari ka nemi rigar sanyi. Bishiyoyin ƙasa duk sun ɓace, sai ciyawa shimfiɗe kan tuddai, sai hazo da safe har ba ka ganin gaban mota. Amma a cikin kwaruruka akwai 'yan kurmi masu duhu, ruwa na gudu a ƙasansu. Wannan kurmin da wancan sai ka yi tafiya mai nisa a fili kafin ka haɗa su. Na sha tunanin abin da ke cikin wannan anya ya taɓa haɗuwa da na cikin wancan?

Malam na Gwale:
Direba, ka faɗi karatun gaba ɗaya. Dalilin da ya sa ake yawan samun sababbin nau'i a kan duwatsu ke nan. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Kano ba ta wuce kusan mita 500 daga gaɓar teku ba. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, can Taraba kan iyakar Kamaru, mita 2,419 ne. Tullu Dimtu na tsaunukan Bale ya kai 4,377. Dabbar da ta saba da sanyi da laimar sama, in ta sauko zafin ƙasa zai kashe ta. To ka ga kowane dutse ya zama kamar tsibiri, zafi ne ruwan da ya kewaye shi.

A zamanin da duniya ta fi yanzu laima, kurmi ya haɗe duwatsun, dabbobi suna kai da kawo. Da aka shiga zamanin fari sai kurmin ya janye ya koma sama, kowane dutse ya riƙe nasa. Shekaru dubbai bisa dubbai ba auratayya tsakaninsu, sai kowanne ya ɗauki kamanninsa, da launinsa, har da irin dafinsa. Maciji kuma ba tsuntsu ba ne da zai tashi ya tsallake. Da yawa daga macizan wurare masu sanyi ma haihuwa suke yi ba ƙwai ba, don ƙwai a ƙasa mai sanyi ba ya ƙyanƙyashewa da sauƙi, gara uwa ta riƙe su a ciki ta riƙa bin rana.

A Mozambik akwai dutsen Mabu. Wani masani, Julian Bayliss, a hoton tauraron ɗan'adam na Google Earth ya fara lura da wani kurmi a kansa wanda masana ba su taɓa bincika ba. Da aka je, cikin abubuwan da aka samu har da ƙaramin maciji mai dafi, aka siffanta shi a 2009 da sunan Atheris mabuensis. Mutanen wurin kam sun san kurminsu, a cikinsa ma suka ɓuya lokacin yaƙin basasa. Maganar Alhaji ce ta dawo.

Direba Ɗan Gembu:
To wallahi in haka ne a yi sauri. Kowace rani ana cinna wa ciyawa wuta don sabuwa ta fito wa shanu, wutar tana cin bakin kurmin kaɗan-kaɗan. Wuraren da na sani da duhu yanzu rana na shiga. Ngel Nyaki ne na ga ana tsaronsa, akwai masu bincike a wurin kusa da ƙauyen Yelwa.

Ɗalibar Jami'a:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina aji uku a sashen nazarin dabbobi, kuma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne sunayen. A 2023 an siffanta wani maciji daga tsaunukan Andes a ƙasar Peru, aka sa masa sunan ɗan wasan Amurka Harrison Ford. A 2011 an samu wani a tsaunukan kudancin Tanzaniya, baƙi da rawaya, mai ɓawo biyu-uku a saman ido kamar ƙaho, aka kira shi Atheris matildae, sunan 'yar ɗaya daga cikin masu binciken. Ban ce sun yi laifi ba, doka ta ba wanda ya siffanta dama. Amma manomin da ya nuna musu hanya fa?

Ku ji wani abu na kusa da mu. Akwai ɗan ƙaramin ɓera da sunansa na kimiyya Mus haussa. A 1920 aka siffanta shi, kuma a Fanisau aka kama shi, nan bayan filin jirgi. Sunanmu ne a jikinsa, garinmu ne mahaifarsa, amma wanda ke ɗauke da sunan yana Landan. In ina son in gan shi sai na nemi biza. Ranar da na karanta wannan na daɗe ina jin wani iri.

Malam na Gwale:
'Yata, wannan ciwon na san shi. Amma dokar ba ta hana ki ba. Sunan yana iya fitowa daga kowane harshe, in dai an rubuta shi da haruffan Latin. Harenna ai sunan dajin ne kamar yadda mutanen wurin ke kiransa. In kika siffanta maciji daga Riruwai, kina iya sa masa sunan dutsen, ko sunan tsohon da ya kai ki raminsa. Abin da ya rage mana shi ne wurin ajiya: ɗaki mai kwalabe da sinadari da rajista, da ma'aikacin da zai riƙa duba su shekara da shekaru kada su bushe. In ba mu da inda za mu ajiye, dole a kai inda za a kula.

Kuma kada ki ɗauka ƙasar nan an gama da ita. A 1998 aka siffanta sabon tsuntsu daga duwatsun Jos, ɗan ƙarami ja mai zama cikin duwatsu, Lagonosticta sanguinodorsalis. Tsuntsu ke nan, mai tashi da rana yana kuka kowa na ji. Ina ga maciji mai kwana ƙarƙashin dutse?

Alaramma na Madabo:
Bismillah. Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa. Ina so in ƙara abu biyu.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratun Nahli yana halittar abin da ba ku sani ba, a Suratun Nur kuma ya ambaci masu tafiya a kan cikinsu cikin ayoyinsa. Don haka wanda ya hau dutse ya samo wata halitta da ba a rubuta ba, bai ƙara kome a mulkin Allah ba, jahilcinmu ya rage. Wannan ya isa amsa ga mai ganin aikin wasa ne.

Na biyu, ku lura da hadisin Ibn Umar da ke cikin Buhari da Muslim. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya yi umarni da kashe macizai ya ambaci biyu da siffarsu: mai zane biyu a gadon baya, da mai guntuwar wutsiya. Da zane da tsawon wutsiya, abin da Malam ya ce ana dubawa ke nan. Kuma a hadisin dai, Ibn Umar yana bin wani maciji zai kashe, Abu Lubaba ya tsayar da shi ya ce an hana kashe na cikin gidaje. A ruwayar Abu Sa'id a Muslim an ce a yi musu gargaɗi kwana uku. Malamai sun yi saɓani ko wannan na Madina ne kaɗai ko na ko'ina. Abin da nake nufi, shari'a ma ba ta ɗauki macizai duka ɗaya ba. Mai cutarwa da ya shigo wa mutane a kashe shi, ba a jayayya. Amma bin wanda ke cikin dajinsa a ƙone shi ba dalili, ban san masa madogara ba.

Baban Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, to su masu binciken da ke kashe shi su sa a kwalba fa? In guda goma suka rage a duniya, an ɗauke ɗaya, ba a cuce su ba?

Ɗalibar Jami'a:
Yaya, su ma masanan suna wannan gardamar a tsakaninsu. Yawanci ɗaya ko 'yan kaɗan ake ɗauka, da izinin hukuma, kuma sau da yawa wanda mota ta taka ko manomi ya riga ya kashe ake amfani da shi. Abin da ya fi yi musu barazana shi ne sare daji, sai kuma masu fataucin dabbobi. Na Tanzaniyan nan da na ambata, da gangan masu binciken suka ƙi bayyana ainihin dajin da yake, don sun san da zarar an ji labarin maciji mai kyau da ba kowa ke da shi ba, masu kiwonsu a Turai da Amurka za su sa kuɗi a kwaso musu. Kuma dabbar da ba ta da suna ba yadda za a yi a sa ta a dokar kariya. Ba a rubuta doka a kan "wani maciji".

Ɗan Riruwai:
Malam, yanzu na tuna. Bara da kaka yara sun kashe wani a bakin tsohon ramin kuza, siriri, kansa da wani launi daban da jikinsa. Kakana ya juya shi da sanda ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai bai san wannan ba. Mutumin da ya haura saba'in a wurin. Kafin in ɗauko waya sun jefa shi a wuta, wai kada matarsa ta ga hoton wanda ya kashe a idonsa ta biyo su.

Malam na Gwale:
Kash. Wataƙila sanannen nau'i ne da bai cika fitowa ba, wataƙila kuma ba haka ba. Yanzu ba mai iya cewa.

Maganar ramuwar matar maciji ba ta da tushe, idon maciji ba ya riƙe hoto. In an sake samun wanda aka riga aka kashe, ga abin da nake roƙo. Kada a taɓa kan da hannu, domin ko bayan ya mutu yana iya sara. A miƙar da shi da sanda a ƙasa, a ajiye wani abu da aka san girmansa a gefensa, ko biro ko takalmi. A ɗauki bayansa, a juya a ɗauki cikinsa tun daga wuya har ƙarshen wutsiya yadda za a iya ƙirgawa, a ɗauki kan ta sama da ta gefe. A rubuta rana da wurin. Kuma a tambayi dattawan wurin sunan da suke kiransa, a rubuta yadda suka faɗa, domin wanda wani gari ke ce wa kumurci wani garin gamsheƙa yake ce masa, wannan ma ilimi ne da ke tafiya da tsofaffi. Ban ce kowa ya je neman maciji ba, ban kuma ce yaro ya kusanci mai rai don hoto ba.

Maman Hanif:
Ina ƙara jaddada wannan na ƙarshen. In an sari mutum kada a tsaya farautar macijin, mun sha karɓar mutum biyu maimakon ɗaya. Kada a ɗaure da igiya tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da abin hannu kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. In mai tofi ne ya fesa a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya, kuma sai a 2017 ta mayar da shi cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci.

'Yata ɗaliba, ba sai kin je nesa ba. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar binciken saran maciji, Farfesa Abdulrazaq Habib ya shafe shekaru a kan wannan aikin. Likitoci suna buƙatar wanda ya san macizan kansu.

Alhaji Baban Zainab:
To na sauko daga kan ta biyun, Hajiya ta gamsar da ni. Ta farkon kuwa ina nan a kanta: a daina cewa an gano, a ce an rubuta. Kuma in an rubuta a sa sunan mutanen wurin a ciki.

Malam, kwalaben nan da sinadarin nawa za su ci? In na makarantarku ne kawai, ka yi min lissafi ka turo ta akwatina. Ina da yaro a Sabon Gari da ya san masu sayar da kayan ɗakin gwaji.

Malam na Gwale:
Allah ya saka da alheri Alhaji, ya ƙara buɗi. Zan fara tuntuɓar sashen su 'yata tukuna, don ajiyar ta fi dacewa da jami'a, mu namu na koyarwa ne. Zan turo maka abin da suka ce.

Ɗan Riruwai, yaushe za ka gida?

Ɗan Riruwai:
Ranar Juma'a in sha Allahu, bayan an sauko. Zan zauna da kakana in rubuta duk sunayen da ya sani da yadda yake bambanta su. In na samu saɓa kuma yaya zan yi da ita kada ta yage kamar waccan?

Malam na Gwale:
Kada ka sa ta a leda, gumi zai ɓata ta. Ka bar ta ta bushe a inuwa, ka naɗe ta sako-sako a cikin jarida, ka sa a kwalin takalmi. Ka kula da wajen kan sosai, nan ne aka fi buƙata. Ka rubuta ranar da sunan dutsen a jikin kwalin. Ka gaishe min da tsoho, ka ce Malam yana tambaya ko zai yarda a ɗauki muryarsa.